Rajistar Aikin Tsara Kiwo da Ruwa a Fadamar Haɗeja

Wannan rajista ce ta aikin haɗin gwiwa a kan wani reshe na kogin Haɗeja, ƙasa da garin Haɗeja, inda ƙauyuka huɗu da rugagen da ke kewaye da su suke shan ruwa ɗaya. Sakatariyar kwamitin aikin ce ke rubuta ta bayan kowane mataki, domin wanda zai yi irin wannan aiki a wani kwarin ya san abin da ke gabansa.

9 ga Nuwamba

An yi zaman farko a ƙofar gidan hakimi. Daga ɓangaren hukuma akwai sashen gona na ƙaramar hukuma, malamin dabbobi, malamin daji, jami'in safiyo da injiniyan ruwa. Daga ɓangaren jama'a akwai bulamai, arɗoɗi, sarkin noma, sarkin ruwa, wakilin 'yan lambu da wakiliyar mata masu tallan nono.

Da aka shimfiɗa taswirori a kan tabarma sai ga fili ɗaya da suna uku. A takardar malamin daji gandun daji ne, a ta malamin dabbobi makiyaya ce, a ta sashen gona kuwa fadamar noman rani ce. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma kowanne ya daɗe yana ba mutane izini bisa takardarsa. An yanke shawarar zana taswira ɗaya, a kuma fara zanen daga bakin ruwa a yi sama zuwa tudu.

Dalilin farawa daga ruwa yana cikin tarihin kogin. Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya kan malale fadama a watannin Agusta da Satumba, ta janye, ta bar ciyawar roba da danshi, kogin kuma ya ƙafe da rani. Yanzu ana sakin ruwa duk shekara saboda ruwan sha na birnin Kano da noman rani na Kadawa da na yankin Auyo. Ruwan da ba ya ƙafewa, ba shi kuma da zurfi, shi ne abin da kachalla, doguwar ciyawar da ke fitowa cikin ruwa, ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare yashi da laka, ruwa ya karkata. Mafi yawansa yana bin reshen Marma zuwa tafkin Nguru, yayin da reshen Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin suke samun kaɗan. Wani wurin da ake kiwo da noma ya koma tafki, wani wurin da ake kamun kifi ya bushe. Duk tsarin kiwon da aka zana ba tare da sanin inda ruwa zai kwanta ba, zai tashi a banza cikin damina ɗaya.

23 ga Nuwamba

An bi burtalin da ƙafa daga tudu zuwa gaɓar ruwa. Ƙa'idar da aka bi ita ce a kowane wuri sai an samu dattijo ɗaya daga manoma, ɗaya daga makiyaya, sun nuna iyaka ɗaya kafin a ɗauki lambar wurin da GPS. Inda suka saɓa, a ɗauki lamba biyu a bar wa zama. Tsofaffin shaidun su ne layin aguwa, kututturen goruba da manyan tsamiyoyi. GPS na waya yana kuskuren mita 3 zuwa 5, don haka a tsaya minti guda a wuri kafin a adana lamba, a kuma ɗauki gefe biyu na hanyar. Wanda ya bi tsakiya kawai zai fito da layi a taswira, amma ba zai iya faɗin inda aka ci burtalin ba.

A kan tudu burtalin yana nan da faɗinsa. Yana gangarowa fadama yana tsukewa, har ya zama ƙasa da taku goma tsakanin lambun tattasai da na albasa, daga nan ya ɓace cikin wata gonar alkama, ruwa kuma yana can gaba ana hangensa. Garke ya yi tafiyar wuni, ya ji ƙamshin ruwa, ba yaron da zai iya tare shi da sanda. Mafi yawan ƙarar ɓarna da bulamai suka lissafa a wannan 'yar tazarar take faruwa.

Ba mugunta ce ta kai 'yan lambu wurin ba. Hana shigo da alkama a 1987 ya sa noman alkama ya bazu a fadamar nan, sannan ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse suka yawaita, musamman bayan shirin Fadama na farkon shekarun 1990. Injin yana son gaɓar kogi, saniya ma gaɓar take so, kuma a lokaci ɗaya na shekara.

7 ga Disamba

Awon ciyawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, amma an yi yanzu domin a sami abin da za a kwatanta da shi.

Ana haɗa katako huɗu, kowanne mita ɗaya, a jefa a ƙasa duk bayan taku 50 a kan layi miƙaƙƙe, a yanke duk ciyawar da ke ciki daf da ƙasa, a zuba a buhu mai lamba. A shanya a inuwa har sai sikeli ya nuna nauyi ɗaya kwana biyu a jere. Giram 100 a cikin katakon daidai yake da tan ɗaya a hekta. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai jefawa ya riƙa zaɓen inda ciyawa ta yi kyau, shi ya sa ƙidayar taku ce ke yanke wurin jifa, ko da a kan faƙo ta faɗa.

Lissafin yana da sauƙi. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6.25 a rana. Daga abin da aka auna, kashi ɗaya cikin uku kawai ake lissafawa, domin gara da iska da tattakar kofato suna cin nasu, kuma dole a bar wa ƙasa abin rufa. Idan awo ya ba da giram 150, hekta tana da kilo 1,500, abin ci kilo 500, wato kwana 80 na saniya ɗaya. Garken shanu 100 da zai zauna kwana 120 yana buƙatar kilo 75,000, wato hekta 150 na irin wannan fili. Tumaki ko awaki goma ana lissafa su a matsayin saniya ɗaya.

Adadin shanu shi ne abu mai wuyar samu. Bafulatani ba ya ƙidaya dukiyarsa a gaban baƙo, kuma tunanin jangali bai gushe ba. An bar tambayar, an koma ƙirga garke a bakin mashaya da safe, da sanin arɗoɗi, ba tare da rubuta sunan mai shanu ba.

Wani abin lura shi ne nau'in ciyawar. Inda dattawa suka ce gamba da kyasuwa ke fi ƙarfin mutum a da, yanzu ƙarangiya ce da tafasa da garmani. Sikeli zai nuna nauyi, amma garmani ba abincin saniya ba ne, don haka ana ware shi kafin awo.

21 ga Disamba

An tsayar da ƙa'idar sakin gonaki. Gero da dawa sun shiga rumbu, amma wake da shinkafar fadama ba su gama ba, saboda haka rana ɗaya ba za ta yi wa kowa ba. An raba biyu: gonakin tudu a sake su da wuri, na fadama sai bulama da sarkin noma sun zagaya sun sanar. Kara da harawa yanzu kuɗi ne, mai gona yana da ikon kwashe nasa ko ya sayar wa makiyayi, amma cinikin ya kasance a gaban shaida. An hana kiwon dare kusa da lambu. Ɓarna kuma a kimanta ta cikin kwana biyu, da mutum ɗaya daga kowane ɓangare da malamin gona, tun sawun kofato bai goge ba.

Akwai waɗanda ba sa wurin zama kuma ƙa'idar ta shafe su: masu jajayen shanu da Udawa masu tumaki da ke gangarowa daga Nijar da arewacin Yobe. Ba su san an yi wani zama ba. An ɗora wa arɗoɗi alhakin tarbar kowane baƙon garke su faɗa masa mashayarsa da hanyarsa, za a kuma kai sanarwa kasuwannin dabbobi, har da ta Maigatari ranar Alhamis, da gidan rediyo cikin Hausa da Fulatanci.

11 ga Janairu

Batun takarda. Dokar wuraren kiwo ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1965 ce tushe, amma daga cikin wuraren kiwo kimanin 415 da ake lissafawa a Najeriya, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka buga a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokokinta. Filin da ba a buga ba, sunansa makiyaya a bakin mutane, amma a gaban alƙali ba shi da mai kare shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin kiwo har hekta 5,000 bisa haƙƙin gargajiya, filin noma kuwa har hekta 500. Wannan ƙofar ce ta fi kusa.

Fayil ɗin ya ƙunshi taswirar safiyo, lambobin iyaka, bayanin zama da sa hannu ko dangwalen kowane bulama da arɗo, da wasiƙar hakimi. Kwafi ɗaya na ƙaramar hukuma, ɗaya na masarauta, ɗaya na hukumar manoma da makiyaya ta jihar Jigawa, ɗaya kuma a hannun kowane ɓangare a ƙauye. Fayil guda a ofis guda yana iya ɓacewa da sauyin ma'aikaci. An kuma rubuta tsarin bisa iyakar kwarin ruwa maimakon iyakar gunduma, domin haka shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace ke tsara aikinsa, shirin da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 da dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja.

1 ga Fabrairu

An amince da faɗin burtali mita 30 a tsakanin gonaki, ya buɗe zuwa mita 100 a bakin mashaya domin garke ya sami wurin jira. Masu lambun da abin ya shafa za su cire amfanin bana tukuna, a ba su madadi a gefen yamma, inda ruwa ya janye.

An fara zuba turakun siminti. Kowanne santimita 15 a kowane gefe, tsawo mita ɗaya da rabi, rodi huɗu a ciki. Kwaɓin: siminti kwano ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhun siminti mai kilo 50 yana fitar da turke huɗu, wanda ya fitar da shida ya rage ƙarfi. Zubin farko ya tsattsage, dalili biyu: yashin gaɓar kogi yana da laka, sannan iskar hunturu ta busar da simintin kafin ya kama. Yanzu ana wanke yashin, a rufe turakun da buhunan algarara jiƙaƙƙu, a yi ta ba su ruwa safe da yamma kwana bakwai.

Ana binne santimita 50 zuwa 60 a ƙasa. Tazara ba ta da adadi guda: daga kowane turke a hangi na gaba, a kowace kwana kuma a kafa ɗaya. Kowanne yana da lamba da fenti, kuma lambar tana cikin fayil, domin turken da aka tuge aka matsar da daddare a iya mayar da shi gurbinsa.

22 ga Fabrairu

Gayyar kachalla. Nan ne aikin ya fi nauyi, nan ne kuma ya fi saurin lalacewa.

Kachalla tana rayuwa ne da saiwar da ke kwance cikin laka, kuma saiwar tana shan iska ta cikin ganye da busassun karare da ke saman ruwa. Ƙona ta ba ya kashe ta, yanka a saman ruwa ma haka, cikin 'yan makonni za ta dawo ta fi da kauri. Abin da ke aiki shi ne a yanke ta santimita 20 zuwa 30 ƙarƙashin ruwa, har da busassun, yadda ruwa zai shiga kututturen ya shaƙe saiwar. Sai an maimaita sau biyu ko uku, duk lokacin da sabon toho ya leƙo.

Sharaɗin shi ne ruwan ya ci gaba da rufe kututturen makonni da yawa. Idan ruwa ya sauka da taku ɗaya bayan yanka, kututture ya sha iska, gumin mutum ɗari ya tafi. Shi ya sa ranar gayya ba ta hannun sarkin ruwa shi kaɗai. Madatsun suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, kuma sanin lokacin ƙara ruwa da rage shi ya fi wa wannan aiki amfani a kan ƙarin lauje hamsin. An rubuta buƙatar samun jadawalin sakin ruwa tun kafin a sa rana.

Yadda aka tsara: a fara daga ƙasa a yi sama, domin ruwan da aka buɗe wa hanya ya sami wurin zuwa. Masunta a gaba cikin kwale-kwale da lauje mai dogon ƙota, matasan manoma da makiyaya a baya suna jan abin da aka yanke. Sai an fitar da shi can bayan inda ambaliya ke kaiwa. Wanda aka tara a gaɓa, ruwan Agusta zai mayar da shi ya toshe wurin da aka buɗe. An buɗe tsakiyar hanyar da faɗin da kwale-kwale biyu za su gifta juna, aka bar gefe zuwa zagaye na biyu.

Ruwan kachalla yana da matsattsaku da macizai da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Duk wanda ya shiga ruwa an rubuta shi domin ma'aikacin lafiya ya duba shi ya ba shi praziquantel, maganin tsargiya, in da buƙata. Takalmin roba bai isa kowa ba, wannan gibi ne da ya kamata a cike kafin zagaye na gaba. Manoman shinkafa sun fito da yawa, domin a cikin kachalla tsuntsayen jan-baki suke kwana.

An yi maganar hayar motar yashe kogi mai tafiya a kan ruwa. Tana yin aikin wata cikin kwanaki, amma idan aka zurfafa reshe ɗaya zai janye ruwan maƙwabcinsa, mutanen da ke ƙasa a Yobe su wayi gari da fari ko ambaliya ba tare da an tambaye su ba. Saboda irin wannan ne jihohi shida na kwarin, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka haɗu a Damaturu a 2006 aka kafa asusun kula da kwarin. Tafkin Nguru da hanyar Marma kuma suna cikin jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2000. Yashe na inji sai da injiniya da yardar na ƙasa. Kwamitin ƙauye ba shi da hurumin yanke wannan.

15 ga Maris

An kafa sandar awon ruwa a gindin gada, da fenti ja da fari duk santimita 10. Wani malamin makaranta ne ke karantawa kowace safiya a lokaci ɗaya, ya rubuta a littafi.

An gyara mashayar tsakiya. Gaɓar ta kasance tsaye, shanu suna zaftare ta, raunana suna maƙalewa a taɓo. An sassabe ta ta zama gangare mai sauƙi, aka zuba burji aka daddaɓe, aka yi shingen ƙaya a gefe biyu. An ajiye mashayar ƙasa da inda mata ke ɗiban ruwa, nesa da inda masunta ke kafa taru. Saniya tana shan lita 30 zuwa 40 a rana da bazara, garke 500 yana buƙatar aƙalla lita 15,000, saboda haka rijiyar burtsatse ɗaya mai famfon hannu ba za ta maye gurbin kogi ba, ko da yake an kawo shawarar. Ko mai aiki da hasken rana ce, a yi tunani kafin a haƙa ta a tsakiyar makiyaya: ruwa na dindindin yana jawo garke ya zauna, kewayen rijiyar ya koma faƙo.

Malamin dabbobi ya yi amfani da taruwar garke ya yi allurar ciwon huhu ga shanu da ta PPR, annobar ƙananan dabbobi, ga awaki da tumaki. Maganin daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato yake, kuma in ya fita daga sanyi ya tashi aiki. Tsutsar hanta ta yi yawa a shanun da ke kiwo cikin ruwan kachalla, domin ita ma ta jikin katantanwa take bi. An ba da shawarar magani a farkon rani da ƙarshensa.

5 ga Afrilu

Ciyawa ta ƙare a tudu. An fara sare rassan gawo da kalgo. Yarjejeniya da malamin daji: a rage reshe, kada a taɓa kan itace, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku.

An gwada gyaran tattakar shinkafa da takin yuriya, wadda a da ake ƙonawa. Kilo 4 zuwa 5 na yuriya a narkar cikin lita 50 zuwa 60 na ruwa, a yayyafa a kan kilo 100 na tattaka, hawa-hawa ana tattakewa cikin rami, a rufe ruf da leda kwana 21. In an buɗe a bar ta ta sha iska wuni guda. Ramin da leda ta huje ya yi fumfuna, an zubar. Ba a ba ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba, kuma ragowar ruwan yuriya guba ne ga dabba, kada a bar shi a bokiti.

3 ga Mayu

An dasa aguwa tsakanin turaku. Reshe mai tsawon rabin mita zuwa mita, a binne kashi ɗaya cikin uku, yanzu da ƙasa take a bushe. In aka jira ruwa ya sauka ruɓewa take yi. Dabba ba ta cin ta, amma a kiyaye ido da ruwanta. Lokacin sharar gona ne, lokacin da iyaka ke matsawa da taku ɗaya ɗaya, don haka bulama da arɗo sun zagaya tare.

14 ga Yuni

Ruwan shuka ya sauka. An sami shuka a cikin burtali a wurare uku, biyu bisa rashin sani, ɗaya da gangan. An warware biyun a take. Na ukun ya je gaban hakimi, aka kammala cikin mako. Saurin yana da dalili: tsiron da bai wuce mako biyu ba ana iya sake shuka shi a wani wuri, amma geron da ya kai gwiwa babu mai tausayin da zai ce a cire, kuma gonar da ta yi damina ɗaya a burtali ta zama gona.

Kuɗin irin ciyawa da ɗaya daga cikin hukumomi ta yi alkawari bai iso ba. Shekarar kasafi ba ta tafiya da damina. An koma ga saiwar gamba daga gefen gonaki, masu gonakin sun bayar. A tsarin baɗi, duk abin da za a shuka a Yuli sai kuɗinsa ya shigo kafin Afrilu.

19 ga Yuli

An killace kashi ɗaya cikin huɗu na makiyayar. Arɗoɗi ne suka zaɓi ɓangaren, su ne kuma suka sa masu gadi daga cikin 'ya'yansu. Killacewar da aka ɗora wa makiyayi daga ofis ba ta kwana.

An raba gindin gamba gida-gida, kowanne da saiwarsa, an rage ganyen, an dasa da tazarar taku ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi. Ba za a kiwata ta bana ba. A gaɓar mashaya an dasa jema a layi, santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, domin saiwarta tana nutsewa ta riƙe ƙasa.

A kan faƙon da ke arewa an haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tara ruwan sama: faɗi mita 4, zurfi santimita 15 zuwa 25, ƙasar da aka fitar a jera ta a gefen gangare, bakin ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa. Mita 8 daga tsakiyar ɗaya zuwa na kusa, mita 4 tsakanin layi da layi, a saɓa su, hekta ta ɗauki 313. An zuba taki da irin kyasuwa, aka dasa bagaruwa ko aduwa ɗaya a kowanne. Waɗanda aka gwada a kan jigawa sun rufta da ruwan farko. Yashi yana shanye ruwansa da kansa, ba ya buƙatar rami. Abin da jigawa ke so shi ne hutu da barin sabara da kalgo su tofo.

30 ga Agusta

Ambaliya ta iso. Sandar awo ta ba da gargaɗin kwanaki, rugage biyu suka tashi kafin ruwa ya kewaye su. A hanyar da aka buɗe ruwa yana gudu.

Matsala ta fito daga inda taswira ba ta nuna ba. Wasu manoman shinkafa sun yi jinga da buhunan yashi don kare gonakinsu, ruwan ya juya ya kwanta a kan ƙasan burtalin. Turakun da ke cikin laka sun karkata, suna buƙatar gindin kankare. Shanu duk sun hau tudu, inda gero ke fitar da kai, wannan ne lokacin da fili ya fi ƙunci a shekara, kuma kashi ɗayan da aka killace ya ƙara matsi. An buɗe wa shanun tatsa wani gefe na killacen da gamba ba ta ciki, da sharaɗin kwana 20. Jinga kuwa an shigar da ita cikin ƙa'ida: ba mai yin ta sai injiniyan ruwa da sarkin ruwa sun ga inda ruwan zai koma.

4 ga Oktoba

An maimaita awon ciyawa a kan layukan Disamba, wannan karon a lokacinsa. Ba za a kwatanta alƙaluman biyu kai tsaye ba tunda watannin sun bambanta, na yanzu shi ne ma'aunin baɗi. Abin da ido ya gani: kyasuwa ta rufe yawancin rabin watan faƙo, gamba ta kama inda aka dasa ta bayan ruwa, ta mutu inda kwanakin fari suka biyo baya. Garmani yana nan, za a tuge shi da hannu kafin ya zubar da iri.

Kachalla ta dawo a ƙarshen hanyar ta sama. Littafin malamin makaranta ya nuna dalili: ruwa ya sauka a makon da ya biyo bayan yanka na biyu. A ɓangaren ƙasa mai zurfi, inda kututture bai ga iska ba, hanya a buɗe take.

An share layin tare gobara mai faɗin mita 10 kewaye da killacen, kafin ciyawa ta gama bushewa.

1 ga Nuwamba

Garkunan farko sun fara gangarowa. Burtalin ya kai bakin ruwa a mashayar tsakiya. Ta gabas har yanzu tana toshe, domin filin madadin da aka ware wa masu lambun can ruwa bai janye daga kansa ba, kuma ba za a tashe su ba tare da wurin komawa ba. Takardar ƙaramar hukuma ta fito, buga fili a gazet yana jiran jiha. Ƙauyukan da ke ƙasa da mu, a ɓangaren Yobe, sun aiko suna son a zauna kafin gayyar kachalla ta gaba, kuma sun yi daidai, tunda duk ruwan da aka buɗe a nan ƙofarsu yake zuwa.

An sa zaman da su bayan sakin gonakin tudu. Za a je da littafin awon ruwa da taswira, kuma ba za a sa ranar yanka ba sai jadawalin sakin ruwa na rani yana hannu.